Haƙƙin Mai Ciwon Zuciya Bayan An Sallame Shi

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan majinyacin da aka garzaya da shi Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, saboda zuciyarsa ta gaza. Ranar da aka kwantar da shi dangi sukan cika harabar asibiti. Da an sallame shi kuwa, sai kowa ya kama gabansa, alhali a nan ne wahala ta biyu take somawa.

Wanda numfashinsa ya taɓa sarƙewa har ya fid da rai ba ya rabuwa da fargaba da wuri. Barci ya gagare shi, ko ɗan suka ya ji a ƙirji sai ya ce ciwo ya dawo. Likitoci sun gano kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga bugun zuciya sukan faɗa cikin matsananciyar damuwa, har a 2014 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta lissafa wannan hali cikin abubuwan da ke ƙara musu haɗari. Dalili kuwa, fargaba tana hanzarta bugawar zuciya, jini ya hau, sa'an nan mai damuwa yakan yi sakaci da magani.

To, duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san gaida mara lafiya haƙƙi ne na mumini a kan ɗan'uwansa. Amma dubiya tana da ladubba: a taƙaita zama, a yi addu'a, a ƙarfafa masa gwiwa. Abin takaici, wani sai ya miƙe ƙafa yana ba shi labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe farat ɗaya. Wani kuma ya ce masa tsoronsa ƙarancin tawakkali ne, watau ya ɗora masa laifi a kan ciwo. Gara a tuna masa Shari'a ta yarda ya yi salla a zaune, ya kuma aje azumi in zai cutar da shi.

Masu jego sun fi bukatar kulawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa. Irin wannan baiwar Allah, lalle a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, kada kuma surukai su tilasta mata kunun kanwa in likita ya hana. Dangi su haɗa kuɗin magani, a sami mai raka ta asibiti ranar da aka ce ta koma.