Abin da Za Ku Zuba a Buhun Shuka

'Ya'yana, ina jin daɗin ganin yadda kuka kama shukar tumatir da alayyafo a buhuna da tsofaffin bokitai a tsakar gida. Allah Ya yi albarka. Sai dai ku kula da abin da kuke zubawa a ciki. Shukar gona tana miƙa saiwarta nesa ta nemo ruwa da abinci, ta buhu kuwa ba ta da wurin zuwa. Abin da kuka zuba mata shi ne rabonta.

Kada ku kwaso ƙasar ƙofar gida ku ɗura haka kawai. In laka ce, da ta sha ruwa sau biyu sau uku sai ta danƙare, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. In jigawa ce zalla, ruwan safe ba ya kai azahar. Haɗawa ake yi: kwano biyu na ƙasar gona mai duhu, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa.

A wajen takin nan ne na fi ganin gaggawarku. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, yana ƙone dashe tun bai kafu ba, kuma na shanu da na awaki ma suna bukatar lokaci. Ku tara shi a inuwa, ku riƙa yayyafa ruwa kuna juyawa, wata biyu zuwa uku. In ya yi baƙi, wari ya tafi, kun cusa hannu ba ku ji ɗumi ba, to ya nuna. Na juji kuwa sai an tankaɗe shi, don akwai fasasshiyar kwalba da leda da mataccen batir, kuma wannan ganye cikin 'ya'yanku zai shiga.

Bayan kun cakuɗa, ku ɗan jiƙa ku dunƙule a tafin hannu. Ana so ya haɗu, amma da an taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ya tsaya kamar curin fura, a ƙara yashi.

Ku huda gindin mazubin, ruwa ya samu hanyar fita. Tumatir ɗaya yana son kamar jarkar lita 20, latas kuwa ƙaramar roba ta ishe shi. Ƙasar da tumatir ya fita daga cikinta, kada ku mayar mata da tattasai ko attaruhu, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ku ƙara mata taki, ku shuka alayyafo ko albasa.