Runduna ta Ɗaya a Yaƙin Basasar Najeriya

Wani mai sauraronmu daga Ɗan Barto, yankin Matamaye, yana tambaya: wace runduna ce ta ƙwace Enugu a yaƙin Biyafara?

To malam, Runduna ta Ɗaya ce ta sojan ƙasa, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa. Daga arewa ta kutsa a watan Yulin 1967, ta kama Nsukka, sannan dakarun Laftanar Kanar Theophilus Danjuma suka shiga Enugu a watan Oktoba. Shuwa ba ya gaggawa, sai ya tanadi makamai da abinci kafin ya motsa, kuma wannan haƙurin ya ceci rayukan sojojinsa da dama. Umuahia ma ta faɗa hannunsu a 1969.

Ƙasarku Nijar ma ba ta naɗe hannu ba a wannan yaƙin: Shugaba Diori Hamani ya karɓi zaman sulhu a Yamai a 1968.