Hattara da Masinjan da Ba Ya Hutawa

A da, in wasiƙar gwamnati ta iso Nguru ta jirgin ƙasa, akawu ne ke shigar da ita cikin rajista, ba ta kuwa barin ofis sai da iznin babba. Yau wasiƙu ta imel suke zuwa, amma amanar tana nan yadda take.

Ma'aikaci yana iya umurtar akwatin imel na ofis ya riƙa aika kwafin kowace wasiƙa zuwa wani adireshi na waje, alal misali akwatinsa na Gmail. Umurnin nan tamkar masinja ne wanda ba ya hutawa: dare da rana yana ɗiba yana kaiwa, har ranar da aka sallame shi.

Haɗarinsa iri biyu ne. Na farko, asirin jama'a yakan fita daga hannun hukuma. Dubi irin abin da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru take riƙe da shi na majiyyata, ko Jami'ar Tarayya ta Gashuwa na ɗalibai. In irin wannan ya shiga akwatin mutum, ko an sauya masa wurin aiki yana nan tare da shi.

Na biyu, ɓarawon da ya sace kalmar sirri yakan kafa wannan umurni a ɓoye, ya riƙa karanta takardun biyan kuɗi. Sauya kalmar sirri kaɗai ba ya soke umurnin. A 2020 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan dabara.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 in an sami ɓarakar da za ta iya cutar da mutane.

Saboda haka:

1. Jami'in kwamfuta ya toshe turawa waje ga dukan ma'aikata.
2. Mai bukata ya nemi izni a rubuce, a ƙayyade masa lokaci.
3. A riƙa duba umurnan kowane akwati wata-wata.
4. Mai tafiya hutu ya miƙa wasiƙunsa ga abokin aiki na cikin ofis.
5. Wanda ya ga adireshin da bai sani ba ya sanar da shugabansa nan take.

Jama'a, sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.