Yadda mai ciwon gaɓɓai zai daidaita motarsa ya ci gaba da tuƙi a Zuru

Ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba Najeriya sojoji, kuma da yawa cikin waɗanda suka yi ritaya sun dawo gida da gwiwoyin da suka sha fareti. Ga manoman da suka tsufa a kan garma, ga direbobin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna taka kuloci tsakanin Zuru da Kontagora. Sanyin ƙashi ba ya raba mutum da sitiyari rana ɗaya. Saurin ƙafa yake fara ci, musamman wajen ɗaga ta daga totur zuwa birki. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, don haka jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ka buge akuya a hanyar Dabai, ko abin da ya fi akuya.

Fara da asibiti kafin gareji. Likita a babban asibitin Zuru zai duba ko zaizayewar gaɓa ce irin ta shekaru, ko kuwa irin amosanin da ke kumbura yatsu ya sandarar da jiki fiye da awa guda da safe, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan abin ya yi nisa, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ka faɗa wa likita kana tuƙi. Tramadol da kodin suna sa gyangyaɗi, wanda ya sha su ba shi da hurumin riƙe sitiyari. Diclofenac da ibuprofen kuwa, da ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna cin ciki da ƙoda idan aka daɗe a kansu.

Daga nan sai kujera, gyaran da ba ya cin ko kwabo. Zauna ka manne bayanka, ka taka birki har ƙasa. Idan gwiwa ta miƙe sarai, kujerar ta yi nisa. Matso da ita har ya zama akwai ɗan lanƙwasa a gwiwar. Amma bar tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirjinka da sitiyari, saboda jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari. Ɗaga kujerar yadda ƙugu ba zai nutse ƙasa da gwiwa ba. Idan sosonta ya mutu, mai ɗinkin kujerun mota zai sake shi. Wajen shiga kuma, juya baya ka fara zama, sannan ka ɗauko ƙafafun biyu tare.

Yanzu ka je wurin bakanike. Sau da yawa ana ɗora wa gwiwa laifin da na mota ne. Birkin da ya yi tauri kamar dutse yakan nuna cewa tukunyar iskar da ke taimaka masa ta lalace, ko bututunta na yoyo. Kuloci mai nauyi yakan zo daga farantinsa da ya tsufa ko wayar da ta bushe. Sitiyari mai tauri, a duba mansa da iskar tayoyin gaba. A sake robobin fedal da suka goge, a kuma ɗaure shimfiɗar ƙasa kada ta zame ta shige ƙarƙashin birki.

Idan gwiwar hagu ce ke damunka, a ganina kada ka wahalar da kanka: sayar da mai giyar hannu ka nemi otomatik. Kuloci ya fita daga lissafi ke nan, kuma Corolla da Camry irin na Kwatano ba su da wuyar kayan gyara. Na san direbobi na cewa otomatik motar mata ce, ba a tura ta ta tashi idan batir ya mutu. Zancen batir gaskiya ne. Ɗayan kuwa hirar tasha ce.

Gwiwar dama ita ce mai wuyar sha'ani, don ita ke da totur da birki. Hanyoyi uku ne. Akwai ƙarin fedal, ƙarfen da ake ɗaurewa da kusoshi a kan na asali don ya matso kusa da ƙafa. Yana taimakon wanda miƙe ƙafa ke yi masa zafi. Akwai totur na ƙafar hagu, wanda a otomatik kaɗai ake sa shi, a rufe na dama da murfi. Wannan yana da haɗari a farko: ƙafar da ta saba danna kuloci har ƙasa za ta yi wa totur haka ranar da aka razana. Sai kuma sandar hannu da ake haɗawa da fedal biyun a gefen sitiyari, ka ja sandar mota ta tafi, ka tura ta mota ta tsaya, tare da ɗan ƙulli a jikin sitiyari don juya shi da hannu ɗaya. Wanda ciwon ya kama masa yatsu ko kafaɗa, sandar ba tasa ba ce. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi su ne za su gwada ƙarfin gaɓoɓinka su ce ga wadda ta dace.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne katako da roba. Za ka ga an ɗaure guntun itace a kan birki da tsohon tub, ko an kai wa mai walda ya liƙa ƙarfe da ido. Gargadar hanya za ta kwance shi a ranar da ka fi bukatarsa. Sayi kayan da aka ƙera don aikin, ƙwararre ya ɗaura, ka riƙa duba kusoshin duk mako.

Bayan an ɗaura, nemi fili marar jama'a, ka ɗauki wani ya zauna gefenka. Yi gudun kilomita 30, ya ce "tsaya" ba zato, ka taka da dukan ƙarfinka. Maimaita har sai ya zama babu ɗar-ɗar, babu ciwon da ke sa ka sassauta. Idan kana sassautawa, ba ka isa hawa titi ba tukuna. Sannan ka kai motar wurin jami'an VIO da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC; lasisin tuƙi na ƙasa yana da rukunin J na masu bukata ta musamman. Sanar da kamfanin inshorarka ma.

Saura al'adar kullum. Da hunturu kada ka fito da asuba jiki a sandare. Gasa gwiwa da ruwan ɗumi, ka ɗan taka a tsakar gida. Ajiye silifas, sa takalmi sau-ciki mai siririn ƙasa, ka tattare babbar riga kada ta sauka kan fedal. Ƙara tazara tsakaninka da motar gaba, ka kauce wa cunkoson ranar kasuwa da na bikin Uhola. A doguwar tafiya ka sauka ka miƙe ƙafa duk bayan awa guda ko makamancin haka, amma a cikin gari, irin su Rijau ko Mahuta, kuma da rana, tun da halin tsaron wasu hanyoyin yankin ba ya son tsayuwa a daji. Ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi, miƙa wa yaro makulli ka koma kujerar mai zaman banza.