Darasin Gyaran Mota: Kukan Ƙafa Da Ya Ƙi Ƙarewa

Darasinmu na yau a kan tsohuwar motar kaya ne, irin su Toyota Hiace, wadda ke kai hatsi da wake da albasa kasuwa. In tana wani gurnani daga wajen ƙafa, yana ƙaruwa in gudu ya ƙaru, sai a fara zargin boris, wanda makanikai ke kira rulma. Shi ne ke riƙe da ƙafa tana juyawa. In ya ci wuta ya ɗaure bisa hanya, ƙafa na iya fita, a yi asarar kaya, har da rai. Amma kada ku saye sabo sai kun tabbata shi ne, kun kuma san ƙafar da abin yake.

Na farko: raba kukan da na sauran sassa

Ku sami hanya miƙaƙƙa marar jama'a, ku kai gudun kilomita 50 zuwa 60. Ku cire giya, ku bar inji yana aiki. In kukan ya tafi, daga inji yake ko akwatin giya. In yana canzawa lokacin da kuka ba ta wuta ko kuka sake, ku duba tukunyar baya mai raba ƙarfi ga ƙafafu biyu, wato pon. In yana canzawa daga kwalta zuwa burji, galibi taya ce ta ci gefe guda. Ku mai da ta gaba baya ku ji ko kukan ya bi ta. Kukan boris bai damu da giya ba. Gudun ƙafa kawai yake bi.

Na biyu: gano gefen

A wannan gudun, ku karkata hagu kaɗan, sa'an nan dama, a hankali. In mota ta karkata hagu, nauyinta na komawa dama. Saboda haka in kukan ya ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne. In ya ƙaru kuna karkata dama, na hagu ne. Wannan alama ce kurum, sai hannu ya tabbatar.

Na uku: zafi

Bayan tafiyar kilomita 10 ba yawan taka burki, ku tsaya ku kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi ƴan uwanta zafi, ita ce abin tuhuma. Ku sani burki mai kamawa shi ma yana kawo zafi.

Na huɗu: ɗaga mota

A ƙasa mai tauri, ku tare sauran ƙafafu da dutse, ku ɗaga da jak, ku sa gungumen icce a ƙarƙashi. Kada ku amince da jak shi kaɗai. Ku kama taya sama da ƙasa ku girgiza. In tana motsi, wani ya taka burki ku sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, wata gaɓar ƙafa ce ta saki. Daga nan ku juya taya da hannu guda, ɗayan hannun bisa ƙarfen da ke bayanta. Boris mai lafiya santsi yake. Wanda ya mutu za ku ji shi kamar ana niƙa tsakuwa.

In an canza, kuka ya dawo fa?

A nan kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Tsohuwar Hiace mai tuƙi da ƙafafun baya tana da boris 2 a kowace ƙafar gaba, na ciki da na waje, kowane da zobensa da yake gudu a kai. Ga abubuwan da ke mai da kuka:

1. An sa sabon boris bisa tsohon zobe. Tare ake canza su.
2. An canza na waje, an bar na ciki.
3. An ɗaure noti fiye da kima. Ƙa'ida ita ce a ɗaure ana juya ƙafa don boris ya zauna, a sassauta, a sake kamawa kaɗan har motsi ya ɓace amma ƙafa na juyawa sumul, sa'an nan a sa sabuwar ƙusa mai baki biyu da ke hana noti warwarewa.
4. An bar tsohuwar robar da ke tare giris. Rairayi da ruwan ƙorama na damina sai su shiga.
5. An buga boris da guduma kai tsaye, ya sami tabo tun bai fara aiki ba.
6. Sandar da boris ke zama a kai ta cinye, yana rawa a kanta.
7. Lodi ya wuce ƙarfin mota.

Boris na baya kuwa matse yake bisa sandar ƙafa. Sai garejin da ke da injin matsa shi.

In an buɗe, ku tsaya ku gani da idonku. A wanke boris da gazuwal, a bar shi ya bushe. In kun ga ramuka, ko ƙarfen ya koma shuɗi don zafi, ko tsohon giris na ƙyalli da garin ƙarfe, ya gama aiki. Sabon kuma a cusa masa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Kada a ajiye shi a ƙasa, kada a haɗa giris iri biyu.

Ku yi wannan bincike tun kaka ba ta kama ba. Gyaran da aka yi a gida cikin natsuwa ya fi wanda za a yi tsakanin Birnin Konni da Maradi, albasa na cikin rana tana ruɓewa. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta ya bayyana ma wanda bai karanta ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya.