Gajiyar da ba ta ƙarewa: me takardar gwajin jininka take faɗa?

"Jikina ba ƙarfi." Ma'aikatan lafiya a Anka, Gummi da Bukkuyum sun saba jin wannan ƙorafi daga bakin manya. Mutum ya kwana ya tashi da kasala, ya sha maganin zazzaɓin sauro, ya sha na taifod, an ƙara masa ruwa a kemis, abin yana nan. Sai wani ɗan'uwa ya ba da shawarar a tafi Gusau ko Sakkwato a yi gwajin tayiroyid da na bitamin. A kashe kuɗin mota da na gwaji, a dawo da takarda cike da lambobi, ba wanda ya zauna ya yi wa mai ita bayani.

A wannan yanki namu, gwajin da ya fi arha shi ya kamata a fara dubawa, wato na yawan jini, wanda ake rubuta Hb ko PCV. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, Hb da bai kai 13 ba ga namiji, ko 12 ga mace, ko 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. Idan PCV aka rubuta, lambobin sun kusa ninki uku na waɗannan: 39, 36 da 33. To amma sanin cewa jini ya yi ƙasa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne gano inda yake tafiya: haihuwa kusa da kusa, jinin al'ada mai yawa, tsutsar ciki, tsargiya ga masu aikin fadama da kamun kifi, ko zazzaɓi mai yawan dawowa. Gwajin feritin yana nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Ƙasa da 15 ajiya ta ƙare, kuma likitoci da yawa sukan fara magani tun daga ƙasa da 30. Sai dai feritin yakan hau idan ana zazzaɓi, ya ɓoye ƙarancin, don haka a bari a warke kafin a auna shi.

Akwai kuma abin da likitan da bai san yankinmu ba zai iya mantawa da shi: gubar dalma. A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ankarar da duniya game da mutuwar yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Dareta, Abare da Bagega a ƙasar Anka, da Yargalma a ƙasar Bukkuyum, suna cikin wuraren da abin ya shafa, kuma yara kusan 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an yi wa dubban yara magani, amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Dalma tana hana jiki ƙera jini yadda ya kamata, tana kawo kasala, murɗar ciki, taurin bayan gida, ciwon kai, mantuwa da hawan jini. Tana kwanciya a ƙashi shekaru masu yawa, ta sake fitowa cikin jini lokacin goyon ciki da shayarwa. Yarinyar da take da shekara biyar a 2010 yau ta kai aure da haihuwa. Wannan ne ya sa nake damuwa ƙwarai idan na ji an sallami matashiya daga waɗannan ƙauyuka da ƙwayar ƙarin jini kawai. Gwajin dalma ba ya cikin gwaje-gwajen da aka saba yi, sai an nema. Wanda ya taso a can, ko yake aikin haƙa ko niƙa, ko mijinta yake dawowa gida da ƙurar dutse a kayansa, ya faɗa wa likita da bakinsa. Daga 5 zuwa sama, a ma'aunin maikirogiram cikin desilita, wajibi ne a nemo inda gubar take shigowa a toshe. Har kwallin ido na gargajiya yakan ƙunshi dalma. Maganin fitar da ita kuwa a asibiti ake bayarwa, ƙarƙashin kulawa.

Yanzu tayiroyid, ƙaramar halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta muke kira maƙoƙo. A takarda za a ga TSH da T4 (T4 shi ne sinadarin da tayiroyid ke fitarwa), kuma a nan mutane suke rikicewa, domin TSH a baibai ake karanta shi. Ba tayiroyid ke yin sa ba, umarni ne daga wata halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Kamar tsawar mai huɗa ce ga shanunsa: idan sun yi nawa sai ya ɗaga murya, idan suna gudu sai ya yi shiru. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai. TSH sama, T4 ƙasa, tayiroyid ta yi rauni, kuma mai ita yakan ji sanyi, fata ta bushe, jiki ya yi nauyi, murya ta dishe. TSH ƙasa sosai, T4 sama, aiki ya yi yawa: bugun zuciya, zufa, rawar hannu, rama duk da cin abinci. Idan TSH ya ɗan haura amma bai kai 10 ba, T4 kuma lafiya lau, kada a yi gaggawar shan magani. A sake gwajin bayan wata biyu zuwa uku, sau da yawa yakan koma daidai da kansa, musamman ga wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. Mai ciki ko mai neman haihuwa ita ce ba za ta jira ba, ta ga likita nan da nan.

Wanda aka ɗora a kan levothyroxine, maganin raunin tayiroyid, ya sha shi da sassafe kafin ya ci komai, ya raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa huɗu, ya koma gwaji bayan mako shida zuwa takwas.

Ina son iyayenmu mata da ungozoma su riƙe wannan. Mace ta haihu, ta zubar da jini mai yawa, ruwan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba ko bayan yaye, gashin hammata ya zube, kullum tana kwance. Sau da yawa akan ce ragwanci ne ko iska. Alhali zubar jinin ce ta lalata waccan halitta ta ƙasan ƙwaƙwalwa, ciwon da likitoci ke kira Sheehan. A irin wannan hali TSH zai iya fitowa daidai, T4 kuma yana ƙasa, saboda haka TSH shi kaɗai bai isa ba. A auna T4, a auna wani sinadarin da ake kira kotizol da misalin ƙarfe takwas na safe. Ciwo ne mai magani, amma rashin gano shi yana iya kai wa ga rasa rai. Masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone, da masu shafa man bilicin mai irin wannan sinadari, su ma kotizol ɗinsu yakan faɗi. Kada su daina shan ƙwayar rana ɗaya, a hankali ake janye ta da shawarar likita.

Bitamin ba sai na tsawaita ba. B12 ƙasa da 200 ƙaranci ne, kuma yakan zo da jin kamar ana soka allura ko mutuwar tafin ƙafa, musamman ga mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metformin. Bitamin D ƙasa da 20 yakan kawo ciwon ƙashi da raunin cinya, kuma akan same shi ga matan da ba sa shiga rana sosai. A lura da ma'aunin da aka buga a gefen kowace lamba, domin ɗakunan gwaji sun bambanta.

Idan duk waɗannan sun fito lafiya, ba a gama ba. A duba suga, wanda idan ya kai 126 kafin a karya kumallo alamar ciwon suga ce. A duba tarin fuka, ƙanjamau, hanta da ƙoda. Sannan a tambayi mutum yadda yake barci. Wanda ya baro ƙauyensa saboda 'yan bindiga, ko yake kwana da fargaba, gajiyarsa ta gaske ce ko da jininsa bai nuna komai ba, kuma ita ma ana maganinta.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan gajiya ta wuce wata guda, ko ta zo da rama, haki, kumburin ƙafa ko baƙin bayan gida, ku je asibiti da tsofaffin takardunku da duk magungunan da kuke sha, har na gargajiya. Ku faɗi garinku da sana'arku, kuma kada ku tashi sai an yi muku bayanin kowace lamba.