Darasi na Bakwai: Gireba, Sana'ar Cikin Gida Mai Ƙaramin Jari

'Yan uwana mata, yau zan koya maku gireba yadda muka gada wajen kakarmu. Na zaɓe ta ne don kayan haɗinta ba su da wuyar samu, kuma da yake ruwan cikinta kaɗan ne, takan yi kwanaki ba ta lalace ba. Abin da bai ƙare yau ba, gobe kuɗi ne.

Kayan haɗi (a auna da gwangwanin madara)

Fulawa gwangwani 8, sukari gwangwani 2, man gyaɗa gwangwani 2, bakar hoda ƙaramin cokali 2, gishiri kaɗan, riɗi rabin gwangwani.

Yadda nake yi

Nakan tankaɗe fulawa da bakar hoda da gishiri, in zuba mai in murza har ta yi wara-wara. Sai in jiƙa sukari da ruwa kaɗan in zuba sannu-sannu, ya haɗe kawai, kada ya yi laushi kamar kwaɓin fanke. In cura daidai wa daida, in barbaɗa riɗi in danna. Sirrin gidanmu shi ne a fara soya riɗin sama-sama, a kuma sa ɗan dakakken kanumfari. Ƙamshin nan shi ke dawo da mai saye.

In babu oba, a zuba yashi mai tsabta a ƙasan tukunya, a ɗora faranti, a rufe, a sa garwashi sama da ƙasa. Wuta kaɗan-kaɗan, kun ji ko? Mai yawa takan ƙona waje ta bar ciki ɗanye. Kada a ƙulla a leda sai ta huce sarai, in ba haka ba gumi ya sa ta yi laushi.

Lissafi kafin kwaɓi

To, nan ne gizo ke saƙa. Rubuta duk abin da kika kashe, har gawayi da leda. Misali, in kin kashe ₦6,000 kika sami guda 80, kowace ta tsaya maki ₦75. In kin sayar ₦100, ribarki ₦2,000 ce. Sauran ₦6,000 jari ne, ba na cefane ba. In rancen akwatin ƙungiya ne, ware kason biya tun ranar ciniki, domin kuɗin 'yan uwanki ne.

Ina za a sayar?

Kasuwar Talata Mafara ran Talata, da shagunan kusa da Kwalejin Abdu Gusau. Matan Bakura da Maradun kuwa, ku nemi masu shayi da masu tireda na unguwa, da odar garar biki da ta Sallah. Sari ga mai shago ya fi ɗora wa yarinya talla lokacin makaranta. A fara da kwaɓi guda, da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyin tattaunawa

1. In fulawa ta tashi, gara a ƙara kuɗi ko a rage girma?
2. Maƙwabciya ta nemi bashin gireba, me za ki ce mata?
3. Wane kayan gara kika iya tun a gidanku da zai zama sana'a?